Fuskar 'Yar Tsamiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima da yalwar makwanci. Umma tana nan lafiya, sai dai ƙafar nan tata da ka sani. Yaya Bashir yana ta fama da tasinsa tsakanin Kudai da Aziziyya a nan Makka. Yau kwana hamsin da biyu ke nan da aka yi maka salla a Harami.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Na rubuta ta a nan inda jama'a za su gani ne saboda akwai maganar da na ɓoye maka kana da rai, kuma na gaji da ɗaukarta ni kaɗai. Maganar 'yar tsamiyarka ce. Ka yi haƙuri in maimaita abubuwan da ka fi ni sani, saboda masu leƙo wasiƙar ba su san soronmu na unguwar Hindawiyya ba.

Shekara ashirin da huɗu ke nan da ka tsince ƙwallonta daga cikin tsamiyar da aka aiko wa Umma daga gida don kunun azumi. A lokacin kana aiki a mashtal, wurin rainon tsirrai, tare da wani mutumin ƙasar Jawa. Shi ya koya maka yadda ake tsare babbar bishiya a cikin kasko, a riƙa rage mata saiwa da rassa har ta tsufa ba ta wuce tsawon kamu uku ba. Shi yana ce mata bonsai. Kai ba ka taɓa kiranta da wani suna ba sai 'yar tsamiya, kamar wata 'yar maƙwabta ce da ke shigowa gaishe ka.

Ina tuna yadda kake tsugunawa gabanta bayan la'asar, idonka daidai da tsakiyarta, kana juya kaskon kaɗan kaɗan. Kana cewa, "Kowace bishiya tana da fuska da ƙeya, Uwata. Aikin mai ita shi ne ya gano wacce ce wacce." Kai kaɗai kake kirana Uwata, saboda sunan mahaifiyarka aka sa min, kuma tun da ka tafi ba wanda ya sake kirana haka.

Ka koya min sharuɗɗan ko da ban tambaya ba. Ta wajen fuska saiwoyi suke bazuwa dama da hagu su riƙe ƙasa. Ta nan ake ganin lanƙwasar gangar jiki tun daga tushe. Kan bishiyar yakan ɗan sunkuyo wajen mai kallo, irin sunkuyon gaisuwa. Kuma ba a barin reshe ya miƙo kai tsaye ya tsone wa mutum ido. Ina jin ka da kunne ɗaya, ɗayan yana wajen tukunyar da na bari a wuta.

Matsalar ita ce rassan nan biyu masu kauri da suka fito a tsayi ɗaya, ɗaya ta nan, ɗaya ta can, suna ba juna baya. Ka ce idan aka bar su tare, wurin zai kumbura ya yi ƙulu, jikin bishiyar ya lalace har abada. Dole ɗaya ya tafi. Wanda ya faɗo ta wajen fuska shi za a yanke, ɗayan ya koma baya ya cika ta. Shekara nawa kana ɗagawa, kana cewa ba ka gama kallo ba. Bana ka ce an zo ƙarshe, kafin zafi ya shigo za ka yanke.

A ƙarƙashin ɗaya daga cikin rassan nan akwai tabo, kuma ni na yi shi.

Ina da shekara goma sha tara. Mun yi cacar baki da kai a kan abin da yanzu ko kunyar faɗarsa nake ji, ka hana ni zuwa Jidda da ƙawayena. Na hau soro ina huci, na fizgi zanen gado daga igiyar shanya da duk ƙarfina. Gefen zanen ya kamo bishiyar, kaskon ya tuntsuro, wani reshe ya ɓalle ya tafi da ɓawo mai tsawon yatsa. Ka hawo ka tarar da ni tsaye a kai. Da ka zage ni da na fi samun sauƙi. Ka durƙusa ka tattara ƙasar da tafin hannunka.

Washegari ka ɗora ta a cinya cikin bas, ka fita da ita har bayan Tan'im, inda iyakar Harami ta ƙare, don ka gyara raunin. Haka kake yi kullum. Ba ka taɓa sa mata almakashi ko zarto a cikin iyakar Harami ba. Malamai sun sha gaya maka cewa hanin sare itacen Makka bai shafi abin da mutum ya shuka da hannunsa ba, balle na cikin kasko. Sai ka ce, "Na ji, kuma na yarda. Hannuna ne bai yarda ba." Mun yi maka dariya har mun gaji, kai kuwa ka ci gaba da shiga bas da bishiyarka kamar mai kai jariri asibiti.

Raunin ya warke ya bar rami mai baƙi-baƙi. Tun daga lokacin, duk ranar da na share soro sai na juya wannan gefen ya kalli bango. Shekara goma sha biyar ina yin haka. Ba ka taɓa hana ni ba, kuma da yake kai ma kana juya kaskon saboda rana, ban taɓa sanin ko ka lura ba.

To, Baba, ga abin da ban gaya maka ba.

Ranar da ciwon ƙirjin ya kama ka, Yaya Bashir ya tafi da kai asibiti da hantsi, aka ce mu jira a gida. Ka san ni, idan hankalina ya tashi hannuna ba ya zama. Na wanke kwanukan da ba su yi datti ba, na goge tagogi, na hau soro da tsintsiya. A bakin kaskon na ga ƙwallon dabino a soke cikin ƙasa, rabinsa a waje. Na yi tsaki. Har na faɗa a fili cewa mutum ya girma amma bai daina yar da ƙwallo ko'ina ba. Na zare shi na jefa a shara, na lallaɓe ramin da yatsa, na juya kaskon yadda na saba. Kaskon zagayayye ne, ba shi da gaba ba shi da baya.

Kwana biyu bayan haka, da aka bar mu muka shiga wurinka, ka kama hannuna. Muryarka ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya. Ka ce, "Na gama kallo, Uwata. Na sa alama. Inda ƙwallon dabino yake, nan ce fuskar. Ki yanke reshen da ke wajen, kada ki bari zafi ya shigo."

Bakina ya buɗe zai faɗi gaskiya, sai na ga wayoyin da aka manna maka a ƙirji, na ji tsoro. Na ce to. Ka daɗe kana kallona, sai ka yi ɗan murmushi ka ce, "Na san ki da tsintsiya." Na ɗauka tsokanar da ka saba yi min ce. Tari ya sarƙe ka, aka ce mu fita. Na ce a raina gobe zan gaya maka, goben ta zo na ce sai ka ƙara jin sauƙi. A kwana na huɗu Allah Ya karɓi abinSa.

Ba ka bar min wasiyyar komai ba sai wannan ɗaya, ita ma na ɓatar da ita tun kafin ka ba ni.

Da aka share makoki na bi sharar, ko da na san an kwashe ta tuntuni. Na tsuguna gaban kaskon ina neman gurbin ramin, alhali ni da kaina na shafe shi, kuma na yi ta ban ruwa a kai. Na rufe ido ina ƙoƙarin tuna ta ina na zaro ƙwallon. Wani lokaci in ga kamar ta wajen tabon ne, wani lokaci in rantse ta ɗaya gefen ne. Ƙwaƙwalwata tana ba ni duk amsar da na roƙa.

Na tambayi Umma ba tare da na gaya mata dalili ba. Ta ce ita shekara ashirin da huɗu bayanka take gani idan ka tsuguna, ba bishiyar ba. Daga nan ta fara kuka, na yi da-na-sanin tambayar.

Yaya Bashir na gaya wa gaskiya, shi kaɗai. Ka san shi da Larabcinsa da gajen haƙuri. Ya ce khalas, wato shi ke nan, in bar rassan biyu yadda suke, bishiya ce, ba za ta kai ƙara ba. Na nuna masa ƙulun da ya fara tasowa a tsakaninsu, wanda bara babu shi. Ya shafa shi da yatsa.

Har hoto na ɗauka ta gefe huɗu na sa a shafina, na ce jama'a su zaɓa min. Kusan kowa ya zaɓi gefen da ba tabo. Ba su yi ƙarya ba, Baba, wajen yana da kyau. Ɓawon sumul yake, saiwoyin sun bazu, ganyen ya yi lema. Wata ma ta rubuta cewa wa zai tari baƙo da rauni. Na ji daɗin maganarta fiye da kima, kuma jin daɗin nan ne ya dame ni. Na kasa rabewa ko idona ne ya zaɓi gefen, ko kunyata ce.

Ana cikin haka sanyin ya fara janyewa. Ka san Makka, ba ta yi wa mutum sallama kafin ta ɗau zafi. Ranar Litinin na taɓa bangon soro da azahar na janye hannu. Na duba rassan na ga toho ya fara kumbura. Kai ka ce idan zafi ya kankama, yankan ba ya warkewa, bushewa yake bi ya ci jikin bishiyar. Na san saura 'yan kwanaki, ko in yanke yanzu ko in karya maka alkawari gaba ɗaya.

Jiya da safe na ce wa Yaya Bashir ya ajiye aiki ya kai ni. Ya ce in yanka a soro mana, ai halal ne. Na ce na sani. Ya dube ni, ya dubi kaskon, ya je ya ɗauko makullin mota. Na zauna a baya da bishiyar a cinyata, jakarka ta kayan aiki a gefena, ƙaramin zarton nan mai mariƙin katako da almakashi da gwangwanin kakin zuma. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ƙara rungume kaskon.

Mun wuce Tan'im, masu harama suna ta sauka daga bas-bas da fararen kayansu. Muka ƙara gaba kaɗan zuwa wani fili mai tsakuwa a gefen hanya, inda ya ce nan yake sauke ka tun da ya sayi mota. Ban taɓa zuwa ba. Sau nawa ka ce in raka ka, ina cewa ina da ɗinki. Akwai wani faffaɗan dutse a wurin, daidai tsayin da kasko zai zauna mutum ya tsuguna gabansa. Da na gan shi sai da na juya baya na share ido.

Na ɗora ta a kan dutsen na tsuguna. Na juya ta sau ɗaya, sau biyu, ban san sau nawa ba. Rana tana hawa, Yaya Bashir yana duba agogo. Ta gefen tabon, reshen ya sauko ya rufe rabin ramin, sai ka leƙa za ka gan shi. Idan na yanke wannan reshen, ba abin da zai sake ɓoye ɓarnata. Na juya zuwa gefe mai kyau. Na ce wa kaina kai mutum ne mai son abu mai kyau, kuma kowa ya zaɓi nan. Na yi bisimilla na ɗora zarto a gindin reshen da ke wajen.

Bishiyar tana ta motsi a ƙarƙashin zarton. Na ja sau uku, garin katako ya zubo fari a kan ƙasar. Don in tsayar da ita sai na zagaya da hannun hagu ta bayanta, na kafa yatsuna cikin ƙasa a gindin, ta wajen tabon. Na danna da ƙarfi. Yatsana na tsakiya ya nutse ya ci karo da wani abu mai tauri, mai santsi, wanda ba tsakuwa ba ne.

Na saki zarton. Na tona a hankali. Ƙwallon dabino ne, Baba, a binne zurfin gaɓar yatsa biyu, an naɗe shi da jan zare an ƙulle. Na san zaren. Na kan kekena ne, wanda na yi ta nema kwanaki kafin ka kwanta, har na zargi Umma da ɗauka. Ƙwallon ya jiƙa ya tsage, har ya fito da 'yar farar saiwa.

Biyu ka sa. Ɗaya a sama don ido, ɗaya a ƙasa saboda ni. Ashe abin da kake gaya min ke nan a asibiti, tari ya hana ka ƙarasawa. Kwana hamsin da wani abu ina yawo da sirrin da na ɗauka zai ɓata maka rai, kai kuwa ka riga ka san zan yi, har ka yi min tanadi. Na zauna daɓas a kan tsakuwa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarka. Yaya Bashir ya karɓi ƙwallon ya jujjuya shi, ya ce la ilaha illallah, ya koma bayan mota ya daɗe bai dawo ba.

Amma zarton ya riga ya shiga. Reshen da ka so a bari shi na fara yanka, ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku. Na narka kakin zuma da ashanar da ke jakarka na cike yankan, na yage gefen mayafina na ɗaure. Ban sani ba ko zai rayu. Idan ya bushe, bishiyar za ta zauna ba komai a bayanta, kuma wannan ma aikina ne.

Sannan na juyo da tabon gabana, na tsuguna yadda kake yi, na ɗaga reshen da ke rufe shi da hannu don in ga abin da ka gani. Ban taɓa kallon gefen nan da kyau ba, kullum ina sauri in kawar da shi. Ta nan saiwoyin sun fi kauri. Ta nan ne gangar jikin take lanƙwasa ta zagaye ramin sannan ta miƙe, har ka ce da gangan ta yi. Ɓawon ya naɗo bakin tabon ya yi masa leɓe mai kauri. Kan bishiyar kuma ta nan ya sunkuyo. Duk sharuɗɗan da ka koya min suna wajen, ni ce ban taɓa tsayawa ba.

Na sake bisimilla na yanke shi. Reshen ya faɗo a kan dutse, haske ya shiga, tabon ya fito fili gaba ɗayansa. Na shafe sabon yankan da kaki. Reshen kuma ban iya yar da shi ba, yana cikin jakarka.

Da muka dawo na gaya wa Umma komai, tun daga tsintsiya har zarto. Ta ce ni da kai duk halinmu ɗaya, mu yi ta ɓoye wa juna abin da kowa ya sani. Ta ce in shuka ƙwallon dabinon a wani gwangwani tun da ya riga ya yi niyyar fitowa. Na shuka, da zarensa.

Baba, ka yafe min to ɗin da na ce maka alhali na san babu alamar. Ka yafe min zanen gadon, ban taɓa ba ka haƙuri a kansa ba, na bar shi ya tsufa a tsakaninmu. Ka yafe min duk ranar da ka ce in zo in gani na ce ina da aiki. Ina kewarka ƙwarai. La'asar ita ta fi yi min wuya, lokacin da nake jin takunka a matakala.

Yanzu jira ya rage. Nan da mako biyu zan san ko reshen bayan zai yi toho. Tun jiya, bini-bini sai in hau in duba ɗaurin, in taɓa ganyen in ji ko ya fara yaushi. Yau dai da sauran danshi a jikinsa.

Ya Allah Ka jiƙan mahaifina, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya ji nauyin taɓa itace a cikin HaraminKa, Ka haramta wa wuta taɓa jikinsa. Yadda ya rufa min asiri bai taɓa goranta min ba, Ka rufa masa nasa ranar tsayuwa. Ka ba shi inuwar itatuwan Aljanna, Ka haɗa mu da shi a can. Ka raya reshen nan idan da alheri a rayuwarsa. Amin.

Kaskon yana wurinsa a soro, tabon yana kallon ƙofa, shi mutum yake fara gani idan ya hawo. Yau da safe na yi shara, na share har ƙarƙashinsa, ban juya shi ba.

Wassalam.

'Yarka mai tsintsiya,
Hajara, Uwarka.